Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Ferdinand Oyono da Littattafansa Uku

Kowace shekara, ranar 20 ga watan Mayu, mutanen Garwa sukan taru a dandalin bukukuwa domin tunawa da ƙuri'ar 1972 wadda ta mai da Kamaru dunƙulalliyar ƙasa. Sojoji su yi maci, 'yan makaranta su bi bayansu, manya kuwa suna zaune a inuwar rumfa. A cikin wannan shagali ne akan kira waɗansu dattawa su jeru a fili, a maƙala musu lambar girma a ƙirji. Wanda ya san zafin Garwa a wannan wata ya san abin da ake nufi da tsayuwa a rana cikin kwat da takalmi sau-ciki. Wanda kuma ya taɓa karanta Ferdinand Oyono, da wuya ya kalli wannan jeri bai tuna da tsoho Meka ba, mutumin da ya ba da gonarsa da 'ya'yansa biyu, aka saka masa da ɗan ƙarfe mai ƙyalli.

Oyono ba ɗan arewa ba ne. An haife shi ranar 14 ga Satumba, 1929, a wajen Ebolowa, can kudancin ƙasar, cikin kurmi. Amma an daɗe ana karanta littattafansa a makarantun sakandare, daga Garwa da Marwa har ƙetaren iyaka a Nijeriya, kuma rabin rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne a hidimar wani ɗan Garwa, wato Shugaba Ahmadu Ahijo. Daɗin daɗawa, ba marubucin da ya taɓa ma'aikatan ikkilisiya da ba'a kamarsa. Saboda haka ya kamata Kirista mai jin Hausa ya san shi, ya auna shi, ya kuma tambayi abin da ya sa mutumin da ya rubuta littattafai uku cikin shekara huɗu ya ajiye alƙalami har shekara hamsin.

Kafin a shiga cikin littattafan, yana da kyau a bambanta irin dariyar da ke cikinsu. Bahaushe ya san zambo, inda maroƙi yakan kama mutum guda, ya siffanta hancinsa da tafiyarsa da rowarsa, sau da yawa don an hana shi abin da ya roƙa. Ya san habaici kuma, inda ba a kama suna, a dai jefa magana a tsakar taro, mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as. Akwai kuma 'yan kama, masu kwaikwayon muryar malamai da zamansu, amma duk karatunsu a kan tuwo da nama yake. Aikin Oyono ya fi kusa da na biyun nan na ƙarshe. Ba ya bin mutum ɗaya. Iri yake kamawa: Kumandan mai tsawa, matar Kumandan da zaman banza ya ishe ta, ɗan kasuwa Bagirike mai ƙaramin mudu, tafinta, tela, ɗan sanda, Fada, katakis. Yakan ɗauki alama guda a jikin mutum ya hura ta har ta rufe sauran. Kwamishinan 'yan sandansa, alal misali, kowa ya manta sunansa na gaskiya, laƙabin da mutanen gari suka ba shi saboda dogon wuyansa shi ya bi shi, wato Maƙogwaron Tsuntsu.

Inda ya samo waɗannan mutane ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnatin Faransawa ne. Mahaifiyarsa 'yar Katolika ce mai riƙon addini, ta bar gidan mijinta saboda zancen auren mata da yawa, ta riƙe 'ya'yanta da ɗinki. Yaron ya tashi a gindin mishan, yana cikin mawaƙan coci, yana yi wa Fadoji hidima. Ke nan ya ga ofishin Bature ta wajen uba, ya ga gidan Fada ta wajen uwa, dukansu biyu ta ƙofar baya, inda babba ba ya gyara fuska. A 1950 ya tafi Faransa, ya ƙare sakandare a garin Provins, ya karanta shari'a a Paris. A can ne, yana ɗalibi ɗan shekara 26, kamfanin Julliard ya buga masa littattafai biyu a shekara guda, 1956.

Na farko shi ne Une vie de boy, wato Rayuwar Boyi, wanda masu karatu da Turanci suka sani da sunan Houseboy tun daga fassarar John Reed ta 1966. Labarin Tundi ne, yaron da ya gudu daga bulalar mahaifinsa ya bi Fada Gilbert, saboda Fadan yakan watsa wa yaran ƙauye ƙwayoyin sukari kamar yadda ake watsa wa kaji tsaba. Aka yi masa baftisma, aka sa masa suna Yusufu, ya koyi rubutu, ya soma rubuta abin da yake gani kullum a littafin makaranta. Da Fadan ya mutu a hatsarin babur, sai Tundi ya zama boyin Kumandan a garin Dangan. Dabarar littafin duka tana cikin idon yaron nan. Yana faɗin abin da ya gani da zuciya ɗaya, yana yabon abin da mai karatu ya riga ya gane abin kunya ne. Ranar da ya kai wa Kumandan kayan wanka ya tarar babban mutumin nan ba shi da kaciya, daga ranar tsoro ya fita daga ransa. Daga baya ya gane matar Kumandan tana hulɗa da shugaban gidan yari. Bai faɗa wa kowa ba, amma sun san ya sani, wannan kuwa ya isa laifi. Aka laƙaba masa satar da bai yi ba, aka doke shi har haƙarƙari ya karye, ya gudu daga asibiti ya mutu a ƙasar Gini ta Sifaniyawa. Mai karatu yakan soma littafin da ƙyaƙyatawa, ya rufe shi bakinsa a bushe.

Na biyu, Le Vieux Nègre et la médaille, wato Tsoho da Lambar Girma, shi ne gwanintar Oyono, kuma a nan ya kamata a daɗe. Meka tsoho ne Kirista a ƙauyen Dum. Ya ba mishan filin kakanninsa aka gina coci a kai, 'ya'yansa maza biyu kuma sun mutu a yaƙin Faransa. Wata rana Kumandan ya aika masa da sammaci. A hanya ya ratse gidan mai sayar da arki ya ɗan ƙarfafa zuciya, sa'an nan ya sha lemo don kada a ji warin, gama Fada ya haramta arki daga kan mumbari. Da ya isa ofis aka ce masa babban Bature zai zo ranar 14 ga Yuli ya ba shi lambar girma. Gari ya ɗauka. Dangi suka cika gida, surukinsa Engamba ya taho daga nesa yana jan bunsuru, tela ya ɗinka masa kwat da ta yi masa yawa, aka cusa tsakuwa cikin sababbin takalma don su buɗe.

Ranar biki aka zana da'ira da farar ƙasa a tsakiyar fili, aka ce ya tsaya a ciki. Turawa suna inuwa a gabansa, 'yan'uwansa suna can baya an tare su, shi kaɗai ne a tsakani, ba ya nan ba ya can. Rana ta buga, takalma suka ciji yatsu, fitsari ya matse shi, babban baƙo bai iso ba. Oyono ya ja wannan tsayuwa shafi bayan shafi, har mai karatu ya rasa ko dariya zai yi ko tausayi. Da baƙon ya iso, ya maƙala wa ɗan kasuwa Bagirike tasa lambar ya rungume shi, Meka kuwa aka ba shi hannu kawai. A cikin taron wani saurayi ya yi magana a kan tsohon da ya rasa ƙasa da 'ya'ya don wannan ɗan abu. Kelara, matar Meka, ta ji. Ita ce ta fara gane cinikin da aka yi, ta cusa ɗankwali a baki don kada a ji kukanta. Shi kuwa maigidan, da barasar liyafa ta kama shi, ya miƙe ya gayyaci babban Bature ya zo gida su ci bunsurun tare, tun da an ce yanzu abokai ne. Aka gode masa da ladabi, aka ƙi. Ya yi barci a zauren, hadari ya taso da dare ya rushe ginin, ya fita yana lalube cikin ruwa, lambar ta ɓace, 'yan sanda suka kama shi a unguwar Turawa ba fitila ba takarda. Wanda aka girmama da safe ya kwana a kurkuku.

Abin da ya ɗaga wannan littafi sama da zambo shi ne Oyono bai bar kowa ba. Ya yi wa Bature ba'a, amma ya yi wa Meka ma, da son girmansa, da dangin da suka zo cin arziki, da ƙauyen da ya ɗauka lambar mutum ɗaya za ta ɗauke wa kowa haraji da aikin tilas. Duk da haka bai ƙwace wa tsohon mutuncinsa ba. Da Meka ya koma gida ya ba da labarin abin da ya same shi, kuka aka fara, aka ƙare da dariya, kuma wannan dariya ta ƙarshe ta mutanen da idonsu ya buɗe ce.

A nan ne zance ya iso ƙofar ikkilisiya. Cocin da Oyono ya zana a Dangan, Turawa suna zaune kusa da bagade a kujeru masu taushi, baƙaƙe suna kan gungumen itace, katakis suna kai da kawowa da sanda a hannu suna neman mai gyangyaɗi. In Turawa sun fita sai a rufe ƙofa don kada kowa ya tsere wa wa'azi, Fada Vandermayer kuwa ya hau mumbari da gurɓataccen harshen mutanen wurin, yana zuba batsa bai sani ba. Martin, shugaban katakis, ba ya wasa da kwalba. A gidan Meka kuma ga Ignace Obebe, ƙaton katakis wanda yakan shigo ana cikin murna ya ɓata ta da zancen tashin duniya, har mutane suka gaji suka juya masa da tambayar abin da ya hana shi aure alhali shi ba Fada ba ne.

Ma'aikacin ikkilisiya da ya karanta wannan yana da hanya biyu. Yana iya fushi ya ce an ci mutuncin aikin Allah. Yana da ɗan abin kafa hujja kuwa, domin da wuya a sami katakis na kirki ko guda a shafukan Oyono, alhali tarihi ya san su. A arewacin Kamaru, inda 'yan Lutheran suka soma aiki a shekarun 1920, Fadojin Oblat kuma suka iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey wanda ya zama bishop na fari na Garwa, ƙauyuka da yawa sukan yi watanni ba su ga Fada ko fasto ba. Katakis da masu bishara ne suka koya wa yara karatu, suka yi addu'a a kan marasa lafiya, suka binne matattu, sau da yawa ba albashin kirki. Mai ba'a ba ya zana irin waɗannan, gama mutumin kirki ba ya ba da dariya. Haka kuma ɗan ƙasashen arewa da mai karatu ya fi tunawa da shi a Rayuwar Boyi shi ne Ndjangoula, ƙaton dogari ɗan kabilar Sara, wanda aikinsa dukan fursuna da gindin bindiga. Wannan gurbi ne a idon marubucin, ya kuma kamata a faɗa.

Amma hanya ta biyu ta fi amfani. Laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Sandan katakis na Dangan bai mutu tare da mulkin mallaka ba. Yana nan duk inda aka ajiye kujerar gaba domin mai babban baiko, duk inda aka hana matalauciya jibin Ubangiji don ba ta biya kuɗin kati ba, duk inda mai wa'azi ya fi jin tsoron ran babbansa da ran wanda ya aiko shi. Obebe bai faɗi ƙarya ba da ya ce girman duniya banza ne. Aibinsa shi ne ya faɗi gaskiya ba ƙauna, ga mutanen da bai taɓa zama ya ji damuwarsu ba. Wanda ya karanta shi ya ji ɗan zafi, littafin ya yi masa aikin da wa'azi goma ba su yi ba.

A 1960 Oyono ya fitar da na uku, Chemin d'Europe, wato Hanyar Turai, labarin Aki Barnabas, saurayin da aka kora daga makarantar horon Fadoji, mai ɗan ilimi da babban kai, wanda ya yi ta faɗi-tashi har ya shiga wata ƙungiyar farkawa ta addini don kawai ta kai shi Faransa. Littafin bai kai biyun farko daɗi ba, amma yana nuna inda alƙalamin ya dosa, wato kan sababbin 'yan boko waɗanda za su gaji kujerun Turawa. An yi ta jiran na huɗu, har an sanar da sunansa, Le Pandémonium. Bai taɓa fitowa ba.

Abin da ya fito a maimakonsa shi ne jerin muƙamai. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1960, Oyono ya shiga aikin jakadanci. Ya wakilci gwamnatin Ahijo a Laberiya, da Beljiyam, da Faransa daga 1969 zuwa 1974, da Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1974 zuwa 1982. Bayan Paul Biya ya hau mulki a 1982 ya ƙara matsowa kusa: babban sakataren fadar shugaban ƙasa a 1985, ministan harkokin waje daga 1992 zuwa 1997, lokacin da Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya kotun duniya a 1994 a kan Bakasi da iyakar tafkin Cadi, sa'an nan ministan al'adu daga 1997 zuwa 2007. Ba mai cewa bai yi wa ƙasarsa aiki ba. Sai dai a cikin waɗannan shekaru duka ƙasar ba ta rasa irin mutanen da alƙalaminsa ya saba kamawa ba. Kumandan ya tafi, mai ofis ya zo da irin tsawarsa. Dokar hana zagon ƙasa ta 1962 ta sa magana ta zama abin ɗauri, a 1966 kuma aka koma jam'iyya ɗaya.

Akwai abu guda da ya fi shirun nauyi. A farkon 1971 kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ernest Ouandié, madugun 'yan tawaye, da Albert Ndongmo, bishop na Katolika na Nkongsamba, hukuncin kisa. Aka harbe Ouandié a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu. Bishop kuwa aka mayar masa da hukuncin ɗaurin rai da rai, aka kawo shi sansanin Cholire, a nan arewa, kudu maso gabas da Garwa, inda ya zauna har 1975. Mongo Beti, tsaran Oyono wanda shi ma ya yi suna a 1956 da littafin ba'a a kan mishan, ya rubuta Main basse sur le Cameroun a kan wannan shari'a. Da littafin ya fito a Paris a 1972, gwamnatin Faransa ta haramta shi bisa roƙon gwamnatin Kamaru, haramcin bai tashi ba sai 1976. Jakadan Kamaru a Paris a lokacin shi ne Ferdinand Oyono. Mutumin da Faransawa suka bari ya yi musu ba'a a cikin birninsu, shi ne wakilin waɗanda suka nemi a rufe bakin ɗan'uwansa a birnin nan. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana iya kawo masa uzuri. Jakada ba da bakinsa yake magana ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ana iya cewa ma sabuwar ƙasa ta fi bukatar masu gini da masu dariya. Amma uzurin nan na biyu bai tsaya da ƙafarsa ba. A Kaduna, Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya yi shekaru yana kwaikwayon Samanja da gurguwar Hausarsa ta bariki a rediyo da talabijin, a zamanin da sojoji ke riƙe da Nijeriya, sojojin kuma suna cikin masu dariya. A Kamaru ma Jean-Miché Kankan ya yi ta wasa da ɗan sanda mai neman na goro har rasuwarsa a 1997. Gaskiya ne ba su taɓa kan sarauta ba, amma sun nuna ƙofar ba a rufe take ruf ba. Littafi Mai Tsarki kuwa ya ajiye misali mafi girma. Annabi Natan ɗan fada ne, yana shiga gaban Sarki Dawuda yana fita, amma da ranar ta zo ya ba sarki labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya bari sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa ko wane ne attajirin. Irin dabarar da Oyono ya ƙware a kai ke nan. Bambancin shi ne Natan ya yi amfani da ita a kan wanda yake ciyar da shi.

Ranar 10 ga Yuni, 2010, Oyono ya halarci liyafar da aka shirya wa Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a fadar shugaban ƙasa a Yawunde. Yana fitowa ya yanke jiki ya faɗi, ya rasu a ranar yana da shekara 80. Aka yi masa jana'iza irin ta manya.

Shirun mutumin bai rage wa littattafan kome ba. Abin da ɗan shekara 26 ya gani ta ƙofar baya gaskiya ne, har ya fi ƙarfin wanda ya rubuta shi, domin da'irar farar ƙasar da ya zana wa Meka ta isa ta ɗauki jakada da minista, ta ɗauki katakis da dattijon ikkilisiya, da duk wanda aka taɓa kira gaban taro aka yaba masa don ya yi shiru. Shi ya sa ya kamata a ci gaba da sa matasan Garwa su karanta Tsoho da Lambar Girma, ya kamata kuma wani mai jin harsunan biyu ya ɗauki nauyin mai da shi Hausa, don tsofaffin da ba su shiga makarantar Faransanci ba su ji shi da kunnensu. Da yawa daga cikinsu za su gane Kelara tun kafin a kai ƙarshen babin.